Yadda Ake Busar da Taɓo da Laka: Shanya, Buhu, Gadon Yashi ko Rumfar Leda

Tun da ruwa ya ɗauke ake ta yi mini tambaya iri ɗaya. Mai kiwon tarwaɗa ya kwashe kifinsa, ya tarar da baƙin taɓo kwance a ƙasan kududdufi, yana son kai shi gona amma shebur ba ya ɗaukarsa. Matasan unguwa sun yi gayya sun yashe kwata, sun jibge abin da suka fitar a bakin hanya, kafin kwana uku ƙafafun mutane da tayoyin babura sun mayar da rabinsa ciki. Wani kuma shaddar makarantarsu ce ta cika, an kwashe, an rasa inda za a kai. Kowa so yake ya ji yadda za a raba wannan abu da ruwan da ke jikinsa.

Busar da taɓo aiki biyu ne, kuma yawancin masu shan wahala na biyun kawai suka sani. Na farko tsanewa, wato ruwa ya bi ta ƙasa ya fita. Na biyu rana da iska su ɗauke sauran. Ga lissafin da zai nuna maka bambancin: taɓo mai ruwa-ruwa kilo 1,000, wajen duro 5, wanda datti da ƙasar da ke cikinsa kashi 5 ne cikin 100, ainihin abin da ke cikinsa kilo 50 ne kacal. In ka tsane shi har dattin ya zama kashi 25 cikin 100, nauyinsa ya dawo kilo 200, lita 800 ta ruwa ta tafi. Wanda ya bar wa rana ita kaɗai wannan lita 800 zai daɗe yana jira.

1. Fara sanin irin taɓon da ke hannunka

Samo gorar ruwa ta roba mai haske, ka cika ta da taɓon bayan ka gauraya shi, ka ajiye awa ɗaya ba tare da ka taɓa ta ba. In yashi ya kwanta a ƙasa cikin 'yan mintuna, ruwa ya taso sama garau, to kayanka mai sauƙi ne. Haka yawancin abin da ake yasowa daga kwata da kwalbati da rijiya yake. In kuwa ƙasan ta yi laushi kamar kunu, ruwan saman ya ƙi washewa, laka ce mai danƙo ko ragowar abinci da kashin kifi, tana riƙe ruwa ƙwarai. In bayan awa ɗaya babu abin da ya rabu, ga kumfa ga wari mai hawa kai, ɗanyen kayan masai ne da bai gama ruɓewa ba, kuma shi ya fi kowanne gardama.

Gargaɗi tun kafin a je ko'ina: akwai taɓon da ba na busarwa a gida ba ne. Wanda ya fito daga magudanar da ruwan masana'antun jima ke bi, irin na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, yana ɗauke da sinadarin jima da rana ba ta kashewa. Haka lakar da ke kwantawa a wurin wankin zinare. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, kuma ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta kai gubar cikinsu. Irin wannan kaya da ya bushe ya zama ƙura ya fi haɗari a kan lokacin da yake jiƙe. Kada ka shanya shi, kada ka kai shi gona, ka sanar da hukumar kula da muhalli ta jiharku. Taɓon bakin gareji mai baƙin mai shi ma ba ya zama taki.

2. Lokaci da wuri

Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin namu ne. Iskar hunturu busasshiya ce, tana jan danshi ko da rana ba ta yi zafi ba, bazara kuma ga zafi ga dogon yini. In za ka iya tsara yasar kududdufi ko kwasar shadda ta faɗo cikin waɗannan watanni, ka rage wa kanka kuɗi. A watan Agusta, lokacin marka, duk wata hanya marar rufi ɓata ƙarfi ce.

Wurin ya zama tudu, inda ruwan sama ba ya kwanciya, ba a ƙarƙashin bishiya ba. Ya nisanci rijiya ko fanfon burtsatse da aƙalla mita 30, kuma ya kasance a gangarensu, ba a samansu ba. Ka lura da inda iska ta fi kaɗawa don kada wari ya riƙa shiga gidan maƙwabci. A kewaye da ƙaya ko zana saboda yara da awaki da kaji.

3. Kayan aiki

Shebur, baro, kwanon sarki, manjagara, bokitai, ragar waya mai manyan idanu, duro biyu ko uku da aka yanke bakinsu, da tiyo. Na jiki kuma: dogon takalmin roba, safar hannu mai kauri, takunkumi, sabulu da ruwa a ajiye kusa. Wanda ke da ciwo a ƙafa ko hannu kada ya shiga aikin.

Babu wanda zai sauka cikin ramin shadda ko sokawe don a yi sauri. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya bi don ceto shi ma can yake zama. A buɗe murfin, a ja da baya a bar shi ya sha iska, a kwasa daga sama da guga mai dogon mariƙi ko a kira motar zuƙa. Ba a kunna ashana ko sigari a bakin ramin.

4. Tace shara, sannan ka tsiyaye ruwan sama

Ɗora raga a bakin duro ka riƙa zuba taɓon ta cikinta. Ledar fiya-wata, tsumma, kwalba, ƙusa da reza duk a nan za su tsaya. Wannan mataki mutane ke tsallakewa, daga baya su zo suna tsintar leda a gona shekara da shekaru. Bar duron ya kwana, da safe ka sa tiyo ka janye ruwan da ya taso a hankali, kada ka motsa na ƙasa. Ruwan kududdufin kifi ka ba ayaba ko bishiyoyi, suna son sa. Na shadda kuwa sai ramin tsotsewa mai tsakuwa, ba kwata ba, ba lambun ganye ba.

In kududdufinka na ƙasa ne ba na siminti ko tamfol ba, ba ka buƙatar duro. Buɗe ruwan ya fita, ka ja 'yan ƙananan hanyoyi a cikin taɓon zuwa mafita, ka bar shi a inda yake har ya tsattsage, sannan ka kankare da shebur.

5. Zaɓen hanya

*Shanya a fili.* Ita ce mafi arha. Daɓen siminti mai ɗan gangare, ko tamfol a kan ƙasar da aka daddale, a baza taɓon kaurin yatsu huɗu, kimanin santimita 7 zuwa 10, a riƙa juyawa da manjagara safe da yamma. Ga yashin kwata da na rijiya babu abin da ya fi ta, cikin 'yan kwanaki a rani ka gama. Aibinta tana cin fili, kuma daɓe ba ya shan ruwa, don haka laka mai danƙo takan yi ɓawo a sama ta bar ƙasa jiƙe. Karon farko da na yashe kududdufina na tara taɓon tsibi guda har gwiwa, ina ganin rana za ta yi sauran aikin. Bayan mako uku saman ya yi tauri kamar bulo, da na soka shebur sai na tarar da cikin yadda na zuba shi, ga wari ya ƙaru. Tun daga ranar ban sake wuce yatsu huɗu a kan daɓe ba. Kayan shadda kuwa sam ba a shanya su haka a cikin gari, ƙuda zai ɗauka ya kai kan abinci.

*Buhu.* Wannan ta mai ƙaramin wuri ce. Buhun masara ko na shinkafa da aka saƙa da zaren roba yana riƙe datti ya saki ruwa. Ka hura iska ta jikinsa kafin ka saya: in ba ta wuce ba, mai leda a ciki ne, kamar yawancin buhunan abincin kifi, ba zai tsane komai ba. Cika shi kashi biyu cikin uku, ɗaure baki, kwantar da shi a kan katakai ko tsakuwa yadda ruwa zai samu hanya, ka riƙa juya shi kullum. In ya daina ɗiga sai ka ɗora wani a kansa nauyi ya ƙara matse shi. Amfaninta babba shi ne ga masu yasar kwata: abin da aka sa a buhu ba ya komawa cikin lambatu, kuma ana iya loda shi a kura ko amalanke washegari. Sai dai buhu tsanewa yake yi, ba ya busarwa. Dole daga baya a farke a baza. Rana kuma tana cinye shi, da wuya ya yi maka zagaye da yawa.

*Gadon yashi.* Ga wanda aikin zai riƙa maimaituwa, kamar mai kududdufai da yawa, makarantar kwana, asibiti ko masu gidan wanka da bahaya, wannan nake ba da shawara. Kewayayyen wuri ne da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi, yana haɗa ayyukan biyu wuri guda, ruwa na tsanewa ta ƙasa, rana na aiki ta sama. A ƙasashe masu zafi irin namu zubi ɗaya kan ɗauki kwana 10 zuwa 15, kuma rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na abin da aka zuba yakan tafi a matsayin ruwa. Yana da kuɗin gini a farko, amma ba ya cin mai ba ya cin wuta.

*Rumfar leda.* Ba hanya ce mai zaman kanta ba, rufi ne da ake ɗora wa daɓe ko gadon yashi don damina. Farar leda mai kauri wadda rana ke ratsawa, a kan ginshiƙan katako ko ƙarfe, da gangare yadda ruwa ba zai taru a kanta ba. Kuskuren da ake yi shi ne rufe ta ruf don zafi ya taru. Zafin zai taru, amma tururin ba shi da mafita, sai ya kwanta a jikin ledar ya ɗigo ya koma inda ya fito. A bar gefe biyu masu fuskantar juna a buɗe. Da rani ka naɗe ledar ka adana, iskar hunturu ta fi ta aiki kuma za ta yayyaga ta.

Akwai gadon da ake shuka ciyawar fadama a cikinsa, irin kacala, saiwoyinta su riƙa buɗe wa ruwa hanya, a yi ta zuba sabon taɓo a kan tsoho shekaru kafin a kwashe. An yi aiki da irinsa a Yawunde da Dakar. Na hukumar gari ne mai kawo kaya kowane mako, domin in zubi ya yanke a rani ciyawar mutuwa take yi. Duk wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru kuma ba zai so ya kai ta kusa da rafin garinsu ba. Injinan matsa taɓo su ma suna nan, suna gamawa cikin awoyi, amma suna son wuta tsayayya da sinadarin haɗa datti da makanike a kusa. Na kamfani ne.

6. Gina gadon yashi

Ɗauki misalin gado mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4. Farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya, don haka adadi zan ba ka, kai ka je gidan bulo ka ninka. Bango mai tsayin sahu 4 na bulo inci 9 zai ci bulo wajen 130. Siminti na gini da daɓe da filasta, ka ware buhu 10 zuwa 12. Tsakuwa kimanin baro 50, yashi ma haka. Bututun roba inci 4 guda ɗaya, da kuɗin magini. In aljihu bai kai ba, a haƙa rami mai zurfin sahu biyu, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri maimakon daɓe, a ɗaga bakin da bulo sahu biyu don kada ruwan sama ya gangaro ciki.

Ƙasan ya gangara zuwa tsakiya, tsakiyar kuma ta gangara zuwa mafita, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kafin a zuba komai, watsa bokitin ruwa ka gani da idonka cewa ya bi ta mafitar bai kwanta a wani lungu ba. In an riga an zuba tsakuwa gyara ya yi wuya.

Huda bututun da ƙusa mai zafi ko na'urar huji, ramuka jere a gefe da gefe, ka kwantar da shi a tsakiyar. A kansa manyan tsakuwa kaurin santimita 15, sai ƙanana santimita 10, sai yashi santimita 25 zuwa 30. Kada a tsallake ƙananan tsakuwar, su ke hana yashi zurarewa ya toshe bututu.

Yashin shi ne ran aikin gaba ɗaya. Yashin kogi mai kaifi ake so, wanda in ka murza a hannu kake jin ƙwayoyinsa, ba rairayi mai laushi na filasta ba. Gwada shi a gora kamar yadda ka gwada taɓon. In ruwan ya yi jajir ya ƙi washewa, akwai laka a ciki, sai an wanke. Na ga gadon da aka kashe wa kuɗi sosai ya zama tafki tun zubin farko saboda mai tifa ya kawo yashi mai ƙasa, aka karɓa ba a duba ba.

A wurin da za a riƙa zubawa, ajiye faffaɗan dutse ko guntun daɓe a kan yashin, don ƙarfin zubi kada ya haƙa rami. A bakin mafita kuma a sa duro a ƙasa ko ramin tsotsewa. In da hali ka raba gadon gida biyu da bango a tsakiya, ɗaya na bushewa kana cika ɗaya.

7. Zubawa da kulawa

Kaurin zubi taƙi ɗaya, santimita 20. Ja layi da fenti a jikin bango don masu aiki su gani. A gadon da muka ƙiyasta wannan lita 2,400 ce, duro 12. Zuba duka rana ɗaya. Babban kuskure shi ne ƙara sabo a kan wanda ya fara bushewa, domin ka mayar da aikin farko, kuma na ƙasan ya zama murfi ya hana ruwa wucewa.

Kwana biyu zuwa uku na farko bututu zai yi ta zuba, sannan ya koma ɗiga, sannan ya tsaya. In tun ranar farko bai zubo da komai ba, ko yashi ya toshe ko kayan ɗanye ne. Kayan masan kasuwa da na tasha da ake kwashewa akai-akai ba su ruɓe ba, ba sa sakin ruwa. A Kumasi ta Ghana da aka gwada, sai da aka gauraya kashi ɗaya nasu da kashi biyu na tsohon kayan sokawe kafin su tsane yadda ake so.

A gadon yashi ba a juyawa tun yana jiƙe, manjagara za ta cusa laka cikin yashi. Jira sai ya tsattsage, tsagar ta yi zurfi, sannan ka bi da cokalin haƙa ko shebur ka kifar da ɓawon a hankali ƙasansa ya ga rana.

8. Kwashewa

Kada saman ya ruɗe ka. Ɗauko gutsure daga tsakiyar gado, ka karya, ka duba ciki. Matse shi a tafin hannu da safa: in ruwa ya fito tsakanin yatsu, da saura. In ya dunƙule kamar tuwo bai jiƙa safar ba, ya isa ɗauka da haɗa taki. In ya marmashe, ya isa zubawa a buhu. Wanda ya bushe da kyau da kansa yake ɓamɓarowa daga yashi.

Kwasa da shebur mai faɗin baki, a kwance, kana tsaye a kan katako don kada ka daddale yashin. Kowace kwasa tana tafiya da ɗan yashi, saboda haka ka riƙa auna kaurinsa, in ya ragu sosai ka ciko. Bi saman da manjagara, ka bar shi ya sha rana kwana ɗaya ko biyu kafin sabon zubi. In ƙura na tashi, yayyafa ruwa kaɗan ka sa takunkumi.

9. Inda za a kai shi

Yashin kwata da ya bushe ya fi dacewa da cike rami ko gyaran hanya, ƙarfinsa a gona kaɗan ne. Na kududdufin kifi taki ne mai kyau, a gauraya da ƙasa kafin shuka.

Na shadda ne ke buƙatar haƙuri. Bushewa ba ta kashe ƙwan tsutsar ciki, yana iya zama da rai watanni a cikin busasshen kaya. Hanya biyu ce. Ko dai ka tara shi a busasshen wuri, a rufe, ya haura shekara guda. Ko kuma ka haɗa shi da buntun shinkafa, ƙaiƙayi, busasshen ganye da sharar kasuwa mai ruɓewa, kashi ɗaya nasa kashi biyu zuwa uku nasu, ka tara tsibi mai tsayin ƙugu, ka yayyafa ruwa ya yi danshi. Tsakiyar tsibin za ta ɗau zafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zafin ya wuce digiri 50 na sama da mako guda. In ba ka da ma'auni, soka rodi ka bar shi ɗan lokaci, in ka zaro ka kasa riƙe bakinsa, zafin ya kai. Juya tsibin duk bayan kwana 7 zuwa 10, na gefe ya koma tsakiya, domin gefen ba ya samun wannan zafi. Bayan wata 3 zai yi baƙi, ya marmashe, warin masai ya koma ƙamshin ƙasa.

Ko bayan haka, kai shi gonar masara, dawa, gero ko gindin bishiyoyi, ka rufe da huɗa, kuma a samu aƙalla wata guda tsakanin zubawa da girbi. Latas, kabeji, karas, tumatir da duk abin da ake ci ɗanye, a nema musu wani takin.